Rinin alabe hawa-hawa: yadda ake ɗora launi bisa launi a jikin fata

Alabe ƙaramar jakar fata ce mai aljihu biyu ko uku, wadda ake ajiye kuɗi da katin shaida da ƙananan takardu a cikinta. Akwai na sawa a aljihu, akwai kuma wanda ake ratayawa a wuya da igiyar fata. Dukawa suna ɗinka shi a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas da Yamai.

Mai saye launi yake fara dubawa kafin ɗinki. Bayan ya kai gida ma, launin ne zai sa ya komo ko ya ƙaurace. Idan alabe ya zuba ja a aljihun farar riga ranar salla, riga ta ɓaci, sunan baduku ma ya ɓaci. Sau da yawa irin wannan hasara daga wuri guda take fitowa: ko an labta rini mai kauri lokaci guda, ko an ɗora launi bisa launi ba tare da tsari ba. Wannan bayani zai nuna tsarin da ake bi, da dalilin kowane mataki.

Mene ne rini hawa-hawa?

Rini hawa-hawa shi ne a shafa tsinkakken rini a jikin fata, a bar shi ya bushe, sannan a sake shafa wani bisansa. Kowace shafawa ɗaya ita ce hawa ɗaya. Ana iya maimaita launi guda domin ya ƙara ƙarfi. Ana kuma iya ɗora wani launi dabam domin a sami na uku.

Rini ya bambanta da fenti. Fenti a sama yake zama, ya rufe abin da ke ƙasa. Rini kuwa shiga cikin fata yake yi, kuma launin ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama. Saboda haka launi mai haske ba ya rufe mai duhu: rawaya bisa baƙi ba ta fitowa. Sannan abin da ya shiga fata da wuya ya fita. Baduku yana iya ƙara duhu ko yaushe, amma rage shi ba ya hannunsa. Daga nan babbar ƙa'idar wannan aiki ta fito: a fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu.

Fatar da ta dace

Fatar akuya ita ce ta fi dacewa da alabe, domin ba ta da kauri, tana da ƙarfi, tana kuma lanƙwasuwa ba tare da ta tsage ba. Fatar jar akuyar Maraɗi, ƴar'uwar ta Sakkwato, ta yi suna tun da daɗewa. A zamanin da, ayari ke ɗaukar irin wannan fata daga ƙasar Hausa, ya ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka. Daga can take isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. A shekarar 1963 aka buɗe cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi domin a kiyaye irinta.

Majemi yana cire gashi da ruwan toka, ya tausasa fata da fataka, sannan ya jeme ta da ƴaƴan bagaruwa. Bagaruwa tana barin wani sinadari mai bauri a cikin fata, irin baurin da ake ji a baki idan an tauna ta. Wannan bauri shi ne ke hana fata ruɓewa, kuma yana da babban aiki wajen rini, kamar yadda za mu gani a wajen baƙi.

Akwai kuma fatar masana'anta, wadda aka jeme da gishirin kurom. Idan aka yanka ta, akan ga tsakiyarta ruwan toka mai ɗan shuɗi. Ba ta karɓar rinin gargajiya yadda ta bagaruwa ke karɓa, kuma sau da yawa an riga an rufe fuskarta da wani shafi.

Kafin a sayi fata, a ɗiga mata ɗigon ruwa a fuska. Idan ruwan ya shige a hankali, fatar za ta sha rini. Idan ya tsaya ya dunƙule, akwai mai ko shafi a samanta, rini ba zai kama daidai ba.

Launuka da inda ake samun su

Rawaya. Ana samun ta daga saiwar gangamau, a busar, a daka, a jiƙa da ruwa. Ana kuma samun ta daga saiwar tsiron da ake kira rawaya, da ganyen marke. Rawayar gangamau tana da haske ƙwarai, amma tana da rauni biyu: rana tana koɗar da ita, kanwa kuma tana juya ta zuwa ja mai duhu.

Ja. Daga karan dafi ake samun shi. Karan dafi irin dawa ne da ake nomawa domin jan da ke cikin ɓawon da ya rungume kara. Ana daka wannan ɓawo, a jiƙa shi da ruwa mai ƴar kanwa ko ruwan toka, domin kanwa ce ke fito da launin. Jan yakan fito da duhu. Idan aka goga ruwan lemun tsami ko na tsamiya a jikin fatar bayan an rina, sai ya washe, ya yi haske.

Baƙi. Dukawa suna kiran shi kuloko. Ana jiƙa tsoffin ƙarafa ko kashin maƙera cikin ruwa, a sa zuma ko sukari, a rufe, a bar shi kwanaki har ya yi tsami. Ruwan kansa ba lalle ba ne ya yi baƙi ƙirin a cikin tukunya. Sai ya haɗu da baurin bagaruwa a cikin fata sannan baƙin yake fitowa, kuma yana ƙara duhu yayin da iska ke bugunsa.

Tsanwa. Tsanwar fatar nan mai haske da ake gani a kayan Abzinawa, da garin tagulla ake haɗa launinta. Yawanci baduku yana sayen ta rinanniya, ya yanka ƙanana ya yi ado da ita.

Galura. Wannan rinin masana'anta ne, wanda aka fara haɗawa a Ingila a shekarar 1856. Yau ana sayar da shi a kasuwanni, gari ko ruwa. Akwai wanda ake damawa da ruwa, akwai wanda ake narkarwa da alkol. Galura tana da launuka da yawa, tana da sauri, amma idan ta yi yawa ragowarta a saman fata take zama. Wannan ragowa ita ce ke zuba a jikin tufafi.

Me ya sa baƙi yake zuwa ƙarshe?

Ban da maganar haske da duhu, akwai wani dalili. Kowane launin gargajiya yana da abin da yake so da abin da yake gudu.

Rawaya tana gudun kanwa. Ja yana son kanwa da farko, yana son lemun tsami daga baya. Baƙi kuwa yana gudun lemun tsami, domin tsaminsa yana raba ƙarfe da bauri, sai baƙin ya koɗe ya koma toka-toka.

Idan aka zana baƙi tun farko, sannan aka rina ja aka goga lemu, zanen zai dushe, ya kuma malala cikin jan. Idan aka bi tsari kuwa, kowane launi ya gama da abin da yake so kafin na gaba ya zo. Tsarin shi ne: rawaya, sannan ja da lemunsa, sannan baƙi, sannan mai.

Haka kuma duk wani ƙarfe da ya taɓa jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa yana barin baƙin tabo. Kada a dama rawaya ko ja a cikin gwangwani mai tsatsa. Kada a ajiye wuƙa ko almakashi bisa fata mai danshi. A yi amfani da ƙwarya ko kasko ko kwanon roba.

Abin da ake samu idan an ɗora launi bisa launi

Rawaya, sannan ja tsinkakke: ruwan goro.
Ja hawa ɗaya: ja mai haske. Ja hawa uku: ja mai ƙarfi.
Ja, sannan kuloko da aka tsinka da ruwa mai yawa: ruwan hanta.
Fata ba rini, sannan kuloko tsinkakke: ruwan toka.
Rawaya, sannan shuɗiyar galura: tsanwa.
Ja, sannan shuɗiyar galura: shunayya mai duhu.
Ja bisa tsanwa, ko tsanwa bisa ja: launin ƙasa maras kyau. A guji wannan haɗi.

A tuna fatar kanta tana da launinta, ruwan ƙasa mai haske. Ita ce hawan farko. Rini guda yana iya ba da launi biyu a jikin fata biyu, don haka a yanka dukan sassan alabe ɗaya daga fata ɗaya.

Kayan aiki

Ana buƙatar ƙwarya ko kwanon roba, kowane launi da nasa. Ana buƙatar tsumma mai tsabta ko curin auduga, shi ma kowane launi da nasa. Sai ƙyalle na tace rini, da siririn tsinke na zane, da faifai ko katako mai santsi na shimfiɗa fata, da kwalba ko dutse mai santsi na guga, da man kaɗanya ko man gyaɗa, da kakin zuma, da farin ƙyalle na gwaji.

Yadda ake aikin, mataki-mataki

1. A yanka sassan alabe tukuna, a ajiye guntayen da suka rage. Rini kafin ɗinki ake yi, domin bayan ɗinki tsumma ba ya isa lunguna, kuma zare yana shan launi.

2. A goge fuskar fata da tsumma mai danshi domin a cire ƙura da maiƙon hannu. A bar ta da ɗan danshi kaɗan. Busasshiyar fata tana zuƙe rini wuri guda, sai ta yi dabbare-dabbare.

3. A tace rini da ƙyalle. Ƙwayar gari guda da ba ta narke ba tana barin ɗigo mai duhu.

4. A tsinka rini da ruwa. Idan galura ce, a fara da awo ɗaya na damammen rini cikin awo uku na ruwa, a gwada a jikin guntun fata, sannan a ƙara ko a rage.

5. A tsoma tsumma, a matse shi, a shafa hawan farko da sauri, ana zagayawa, daga gefe guda zuwa ɗaya gefen. Kada a tsaya a tsakiya. Hawan farko yakan fito da ɗan rashin daidaito. Wannan ba laifi ba ne, hawa na biyu zai gyara shi.

6. A shanya a inuwa, a kwance. A taɓa fata da bayan hannu: idan da sanyi, ba ta bushe ba. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya duhu, don haka ba a yanke hukunci kan launi sai ta bushe.

7. A goge da busasshen tsumma domin a kwashe ragowar rini, sannan a shafa hawa na biyu. Idan na farko an bi tsawo, na biyu a bi faɗi.

8. Idan za a ɗora wani launi, a bar na ƙasa ya kwana. Idan ja ne za a ɗora bisa rawaya, a rage kanwa ƙwarai.

9. Bayan hawan ja na ƙarshe, a ɗauraye da ruwa kaɗan, a goga ruwan lemun tsami da aka tsinka, a goge, a shanya.

10. A tsaya tun launi bai kai duhun da ake so ba, domin mai zai ƙara masa duhu.

Hawa biyu ko uku sukan isa. Bayan haka fata ta ƙoshi, duk abin da aka ƙara a sama zai tsaya. Sannu ba ta hana zuwa: hawa uku tsinkakku sun fi hawa ɗaya mai kauri daɗewa.

Cikin aljihunan alabe, inda kuɗi da kati ke shiga, ya fi kyau a bar shi ba rini. Zufa da zafin jiki suna motsa launi, kuma katin shaida ba abin wasa ba ne.

Zane da ado

Idan launin ƙasa ya bushe sarai, sai a zo ga baƙi. A tsoma tsinke cikin kuloko, a ɗiga ragowar, a ja layi sau ɗaya. Layin zai fito da haske da farko, sannan ya yi duhu. Kada a yi gaggawar maimaitawa. Idan baƙin ya tsaya toka-toka, baurin fata ne ya yi kaɗan: a shafa ruwan bagaruwa a wurin, a bar shi ya sha iska, a sake zanawa. Kuloko mai yawa yana busar da fata har ta riƙa tsagewa, don haka wurin da aka yi wa baƙi yana buƙatar mai fiye da sauran.

Wasu suna son gefen alabe ya fi tsakiya duhu. Ana yin haka da tsumma wanda aka matse har ya kusa bushewa, a bi gefe kawai, ana shigowa ciki a hankali.

Akwai ado iri biyu da ba su buƙatar ƙarin rini. Na farko, a tsaga zane a fuskar rinanniyar fata da bakin wuƙa, a ɓare fuskar, sai farin da ke ƙasa ya fito. Na biyu, a huda zane a jikin jar fata, a shimfiɗa tsanwa ko rawaya a ƙarƙashi, a ɗinke. Dukawan Hausa suna yin su, matan maƙeran Abzinawa ma sun gwanance da su. Wannan ita ce hanyar haɗa ja da tsanwa ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Mai da guga

Rini yana busar da fata, mai ke mayar mata da taushi. A ɗebi man kaɗanya ko man gyaɗa kaɗan a tafin hannu, a murza ko'ina, a bar shi ya kwana. Mai mai yawa yana dusar da launi, yana kama ƙura, yana kuma fita a jikin tufafi. Bayan an sa mai, rini ba ya ƙara shiga daidai, don haka duk gyaran launi a yi shi kafin nan.

Kashegari a shimfiɗa fata bisa katako, a goge ta da kwalba ko dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Guga yana kwantar da fuskar fata. Daga nan sai ɗinki. Bayan ɗinki a daidaita bakin alabe da wuƙa, a shafa masa rini mai duhu, a murza kakin zuma, a goge.

Gwaji kafin a kai kasuwa

Gwajin busasshen ƙyalle: a goga farin ƙyalle sau 20 da ƙarfi. Idan ya ɗauki launi, a ci gaba da goge fata har ƙyalle ya fito fari.

Gwajin danshi: a naɗe guntun fata da farin ƙyalle mai danshi, a danne da dutse, a bar shi ya kwana. Wannan shi ne kwatankwacin zufa a aljihu.

Gwajin rana: a rufe rabin guntun fata, a bar shi a rana kwana 7, a kwatanta ɓangarorin biyu.

Gwajin lanƙwasa: a ninka fata, a buɗe, sau da yawa. Idan fuskar ta tsattsage, kanwa ko kuloko ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan.

Matsaloli da maganinsu

Layi-layi a jikin fata: rini ya yi kauri, ko fata ta bushe da yawa. A jiƙa ta kaɗan, a ƙara hawa tsinkakke a gicciye.

Sheƙi kamar na tagulla bisa galura: rini ya yi yawa. A goge da tsumma mai danshi har ya tafi.

Ƙaramin baƙin tabo na ƙarfe: a ɗiga ruwan lemun tsami, a goge, a ɗauraye. Yakan rage shi.

Launi ya yi duhu fiye da kima: ba a iya mayar da shi. A mai da alaben ruwan hanta ko baƙi, kada a zubar da fata.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Da hunturu da bazara rini yana bushewa tun ba a gama shafawa ba, don haka a yi aiki da sassafe, a wurin da ƙura ba ta shiga. Da damina fata tana jinkirin bushewa, kuma idan aka tara ta da danshi tana yin fumfuna.

Kiyaye lafiya

A sa safar hannu ta roba. A rufe hanci da baki lokacin dama garin galura. Kwanon rini ba ya komawa madafa. Kada a zuba rini cikin kwalbar abin sha, domin yaro yana iya ɗauka ya sha. Idan haka ta faru, a kai shi wurin likita nan take, tare da ragowar abin da ya sha. Haɗin tagulla na tsanwa guba ne. Alkol yana kama wuta, a nisanta shi da murhu da taba. Ruwan da aka gama aiki da shi a zuba shi cikin rami, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Kasuwar waje

Masu kai kaya wuraren baje koli, kamar cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata ko taron SAFEM a Yamai, sukan haɗu da masu saye daga ƙasashen waje. Ya kamata su san cewa tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki, har da jakar kuɗi, idan an rina su da wasu nau'o'in galura masu sakin sinadaran da ke iya jawo ciwon daji. Iyakar da aka sa ita ce miligiram 30 cikin kilo ɗaya. Ido ba ya gane irin wannan galura. Saboda haka ƙungiyar dukawa ta fi dacewa ta sayi rini mai suna da takardar shaida, ko ta tsaya ga karan dafi da gangamau da kuloko.

Babban mai saye kuma yana son alabe 50 su fito launi ɗaya. A nan rubutu yake da amfani. A ajiye guntun fata na kowane launi, a rubuta lamba a bayansa. A cikin littafi a rubuta lambar, da irin fata, da awon rini, da awon ruwa, da yawan hawa, da ranar aiki. Wanda ya rubuta zai iya maimaita launinsa baɗi, zai kuma iya koya wa yaronsa ba tare da an ɓata fata ba.

Abin tunawa

A fara da mai haske, a ƙare da mai duhu.
A tsinka rini, a shafa hawa-hawa.
Kowane hawa ya bushe a inuwa kafin na gaba.
Lemun tsami kafin baƙi, mai bayan baƙi.
Kowane launi da kwanonsa da tsummansa.
A gwada da farin ƙyalle kafin a miƙa wa mai saye.